Rijiyar da Ɗana Ya Sa a Littafi

Ɗana na fari ya yi shekara huɗu a jami'a yana karanta abin da suke kira kimiyyar siyasa. Da aka fara gaya mini na ɗauka yadda ake tsayawa takara ake koya musu, na ce to madalla, mun kai yaro makaranta ya koyo ƙarya. Ƙanwarsa ce ta gyara mini. Ta ce ɓangaren da ya fi mayar da hankali a kai shi ne hulɗar ƙasa da ƙasa: yadda wannan ƙasa ke zama da waccan, abin da ke haɗa su faɗa, da yadda ake sasanta su. Na ce mata in dai wannan ne ai da ya zauna a Babura ya koya, tunda mai jaki zai tashi daga bayan gonarmu da hantsi ya yi sallar azahar a Nijar.

Shi ban faɗa masa haka ba. Uwata Bafulatana ce, kuma a hannunta na tashi. A wurinta mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a maganarsa gaban mutane. Haka na riƙe shi tun yana goye. Ina dai kallo. Ban yi boko ba, amma babu wanda ya taɓa shigowa gidana da wata manufa a ciki ban gane ta tun daga sallamarsa ba, kuma unguwa ta san haka.

Dangin uwata duk sun ƙare mini, saura mutum ɗaya: ɗan yayanta, wato ɗan kawuna, taubashina. Asalinsu wajen Gwiwa ne, amma da gonaki suka cinye makiyaya sai iyayensa suka yi arewa. Damina a Nijar yake yi da shanunsa. In an girbe gero da dawa sai ya gangaro ya sauka a gonarmu kusan wata guda, shanu su ci kara su bar mana taki, sannan ya wuce ta Kazaure, ya bi duwatsun Roni har Gwiwa, ya juya kafin ruwan fari. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara wannan. Ubansa ya yi haka da surukina, shi ya yi da mijina, da mijina ya rasu ya ci gaba da yi da ni.

Ba ya sallama kamar mutane. Daga ƙofar zaure zai ɗaga murya.

"Ina baiwar gidan nan? A gaya mata ubangidanta ya iso, ta kawo ruwa."

"Wane ubangida, mai kwana da shanu? Ka yi wanka bana kuwa, ko sai damina ta sake zagayowa?"

"Kaɗuwa, Bahaushiyar nan, gero ya lalata ki. Dubi yadda kika koma kamar rumbu."

Duk garin nan babu mai iya gaya mini haka ya kwana lafiya. Yarana sukan ce a wannan watan kaɗai suke ganin haƙorana. Shi kaɗai ya rage a duniya da ya san uwata tana budurwa, in ya yi dariya kuma sai ya karkatar da kai gefe kamar yadda take yi. In ya tashi daga gonar nakan yi kwana biyu ba na son a yi mini magana.

Akwai babbar hanya ta kan iyaka inda motoci ke tsayawa a duba su. Shanu ba sa bin nan. Kowane gidan makiyaya yana da tasa hanyar da ya gada, da wurin shayarwarsa, kuma ba a faɗa. Kamar yadda ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa, haka ba a tambayarsa ta ina ya biyo. Ni kaina, da jinin nan a jikina, ban taɓa tambaya ba. Na san daga arewa yake zuwa, shi ke nan.

A shekararsa ta ƙarshe yaron ya zo hutu daidai lokacin da shanu ke gonar. Ya zo da baƙar jaka da littafin rubutu. Ƙanwarsa ta ce mini kafin a ba su takardar gamawa sai kowa ya rubuta littafi a kan wata matsala guda, shi kuwa ya zaɓi maganar makiyaya masu ƙetare iyaka. Malaminsu na darasin siyasar yankin nan namu ya ce musu kada kowa ya kwaso masa abin da Turawa suka rubuta, a je a tambayi mutanen da abin ya shafa. Da na ji haka na ce ashe akwai mai hankali a cikinsu.

Kwana uku yana zuwa gona yana dawowa da fuska a murtuke. A rana ta huɗu na kai musu dambu da la'asar, na same su zaune a inuwar gawo, matar taubashin nawa tana dama fura daga gefe.

"Kawu, to ta ina kuke shigowa?"

"Ta ƙasa, ɗana. Ba mu koyi ta sama ba tukuna."

"Ina nufin wane wuri kuke ƙetarewa."

"Inda saniyar gaba ta sa ƙafa. Ga ta can, je ka tambaye ta, ta fi ni Hausa."

Yaron ya rufe littafinsa. Na zaci fushi zai yi, sai ya gyara zama ya fara magana. Ya ce manyan da ke zama su yanke yadda za a yi da iyaka ba su taɓa bin shanu ko na yini ɗaya ba. Ya ce kowace shekara ana nome burtali, ana kewaye mashaya, in makiyayi ya kai ƙara sai a ce ina shaidar cewa nan hanya ce. Ya ce akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen yankin nan da ta yarda dabbobi su wuce, amma hanyar da ba ta kan takarda babu mai kare ta, don a wurin hukuma babu ita. Ya ce, "Kawu, ba don na ci jarrabawa kawai ba ne. So nake jikokinka su sami inda za su bi."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Yaron da na yi shekara ashirin da wani abu ina kau da kai in ya shigo, ga shi yana jera magana kamar alƙali. Na yi alfahari da shi, ba na ɓoyewa.

Taubashina ya daɗe yana kallon shanunsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Kaɗuwa, wannan ɗan naki mai takarda. A gaya masa?"

Na san amsar da ta dace. In kau da kai in ce ba ruwana da maganarsa, kamar yadda na saba, shi kuma ya gane, ya sake kawo wata barkwanci, a sha fura a tashi. Al'adar da aka ɗora ni a kai ta riga ta ba ni mafita. A ranar ce kaɗai, tun da na haife shi, na sa baki a maganar ɗan farina gaban mutane. Na ce, "Ka gaya masa. Ai na gida ne."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki sandarsa. Ya ja layi daga arewa, ya nuna busasshiyar ƙorama inda suke ƙetarewa, ya yi alamar tsamiya biyu. A hagunsu ya yi ɗan da'ira, ya ce wannan rijiya ce da kakanmu ya haƙa, suna rufe bakinta da itace da ƙaya su tura yashi a kai, mai wucewa ba zai san da ita ba. In sun iso su buɗe, su shayar, su mayar. Daga nan ya ja layin zuwa kudu. Sandar ta ci karo da gindin kara ta ɗan kauce, ya zagaye ya ci gaba har gonar da muke zaune. Yaron yana kwafa a hankali, harshe a waje kamar lokacin da yake ɗan firamare. Da aka gama taubashina ya sa ƙafa ya shafe zanen tas.

Bayan wasu watanni aka kawo littafin, baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Aka ce ya fi na kowa a ajinsu. Aka ce malamin ya ɗauke shi ya tafi da shi wani taro a birni inda manyan ƙasarmu da na Nijar suka zauna kan maganar iyaka, har an buga wasu shafukan an rarraba. Aka ce za a riƙe yaron a jami'ar ya riƙa koyarwa. Mata suka yi ta shigowa barka. Ƙanwarsa ta buɗe mini tsakiyar littafin ta ce, "Inna, kin gane wannan?" Ban iya karatu ba, amma na ga bishiya biyu da ɗan da'ira a hagunsu. Na ce ta rufe ta kai ɗaki kada miya ta taɓa shi.

Shekarar da ta biyo baya, shanu suka zo kamar kullum, muka yi zage-zagenmu, na ce ashe tsoron banza na ji.

Ta bayanta ce ba su zo ba. An girbe, an ɗaure, an kai rumbu. Na hana kowa taɓa karan gonar, har na yi faɗa da maƙwabcin da ya saki awakinsa a ciki. Mako ya wuce, wani ya bi. Ran nan da rana tsaka na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai na ji sallama, cikakkiya, irin ta baƙo. Na fito na same shi tsaye a zaure shi kaɗai, babu sanda a kafaɗa.

"Yau kuma a babur? Shanun sun gaji da warinka sun gudu ke nan?"

"Ina wuni, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

Tun muna yara bai taɓa gaishe ni ba. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Sai da ya tambayi lafiyar kowa a gidan ɗaya bayan ɗaya sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ya ce da suka iso ƙoramar sun tarar da rumfa, da igiya a gicciye, da ma'aikatan iyaka zaune a benci. Aka tambaye su takardar shanu, da ta allura, da ta mutane. Babu ko ɗaya. Aka tsare su kwana huɗu a wurin, sannan aka ce su juya. Rijiyar kuwa an buɗe ta, an yi mata baki da siminti, wani mai hali ya kewaye ta da shinge ya yi lambu. Shanu suna jin ƙamshin ruwa, suna kuka, ba halin isa. Maruƙa suka fara faɗuwa a rana ta uku. A ta huɗu wata jar saniya ta kwanta ba ta tashi ba. Ya ce, "Kin san ta. Daga tsatson wadda aka ba Gwaggo ranar sunanta take." Uwata yake nufi.

Na ce ai irin wannan yana faruwa ko'ina yanzu, wataƙila wani mafarauci ne ya ga sawu ya kai labari.

Ya ce, "Haka na so in ɗauka. Sai ɗaya daga cikinsu ya fito da takarda yana nuna wa ɗan'uwansa. Na leƙa. Zanen hannuna ne, Hajiya. Tsamiya biyu, rijiya a hagu. Har inda sandata ta kauce wa gindin kara yana nan, sun ɗauka kwana ce hanyar ta yi. Suna ta gardama wai ina kwanar take."

Daga baya na ce zan kira yaron ya zo ya durƙusa a gabansa.

"A'a, kada a tayar masa da hankali. Yaro aikin makarantarsa ya yi, Allah Ya yi masa albarka. Ni ba shi na tambaya ba." Ya ajiye kwanon ruwan a hankali. "Ke na tambaya."

Bai ci abinci ba. Ya ce mai babur na jira. Na bi shi har waje, abin da ba na yi wa kowa, na ce to bana ta ina za ku biyo, in sa a bar muku karan? Ya dube ni, ya ce, "Duk inda Allah Ya nufa." Ya hau suka tafi. Na sa aka tara karan aka cinna masa wuta.

Washegari na shiga mota zuwa birni. Yaron ya firgita da ya gan ni a ƙofar ofishinsa, don ban taɓa zuwa inda yake ba. Ɗaki ne ƙarami cike da littattafai, da babbar taswira a bango, kowace ƙasa da launinta. Na ƙi kujera, na faɗa masa a tsaye.

Ya ce, "Inna, wallahi ban sa sunansa ba. An koya mana wannan, ba a sa sunan wanda ya ba ka bayani. Ce wa na yi wani dattijo."

"Ka ɓoye sunansa ka nuna rijiyarsa. Shanu sunansa suke sha?"

"Amma ai abin da na rubuta a ƙarshe shi ne a kare hanyar, a hana noma ta, a gyara musu rijiyar. Shafi guda na yi a kan haka."

"To sun gyara ta."

Ya zauna ya dafe kai. Ya ce ba haka ake nufi ba, ya ce tsakanin abin da masana suka ba da shawara da abin da ake aiwatarwa akwai tazara, har darasi guda suke da shi a kan wannan. Na ce ashe kun san da tazarar. Kun san takarda in ta bar hannunku ba ku da iko da wanda zai ɗauka, amma kuka aiki yaro ya je ya kwance wa tsoho zani a kasuwa. Na ce shekara huɗu ana koya maka yadda ƙasa ke zama da ƙasa, babu wanda ya gaya maka cewa zaman da ya daɗe, wani lokaci abin da ba a faɗa ba ne ke riƙe da shi? Sai na ji inda maganar ta dosa. Shi ba a gaya masa ba. Ni an gaya mini tun ina tallar nono a bayan uwata.

Gaskiya ɗaya, bai kwanta ba. Ya yi rubuce-rubuce, ya hau matakalar ofisoshi, ya je har wurin rumfar da kansa. Suka karɓe shi da mutunci, suka ce masa malam, suka nuna masa cewa komai bisa ƙa'ida ake yi, mai takarda ya wuce. Mai lambun ya ba shi tumatir. Ya dawo ya ce mini in Kawu zai yarda, shi zai cike masa takardun duka, ya raka shi. Na ce sai ka fara samo shi.

Ba mu sake ganin shanun ba. Gonar ta fara gajiya, muka koma sayen takin zamani kamar kowa. Yaron ya ci gaba, ya ƙara karatu, yanzu shi ke koyar da wannan darasin na siyasar yanki. Ɗalibansa sukan zo gaishe ni da salla, yara masu ladabi, su durƙusa su ce mahaifiyar malam. Wata ta taɓa ce mini littafinsa na farko har yanzu ana ba su shi su karanta, don a ga yadda ake bincike na gaskiya. Na ce ta gaida gida.

Shekara ta shida ko ta bakwai, wata mai tallar nono a kasuwar Babura ta tsaya tana kallona, ta tambaye ni ko ni ce 'yar gwaggon wane, ta kama sunan taubashina. Na ce ni ce. Ta yi mini ta'aziyya. Ta ɗauka na sani. Ta ce ai har an yi sadakar arba'in, tun kafin girbi. Na tambaye ta ina iyalinsa suke zaune yanzu, sai ta gyara ƙwaryarta ta ce ita ma a bakin wasu ta ji.

Na aika wa yaron, ya zo da motarsa tun da safe. Muka ɗauki goro da turmin atamfa don matar, muka bi babbar hanya, ya nuna takardunmu aka ɗaga mana. Daga can muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. A ƙauyen farko muka sami dattawa a gindin bishiya, ya fita ya gaishe su, ya faɗi wanda muke nema. Suka dubi motar, suka dubi takalminsa, suka ce ba su san shi ba. A na biyu aka ce a gwada gabas. A gabas muka tarar da wata ruga, na ce ya zauna a mota, na tafi ni kaɗai. Na yi wa wata tsohuwa magana da ɗan Fillancin da ya rage mini, na ambaci uwata, da kawuna, da kakanmu. Na ga ta san su, idonta ya nuna. Ta ba ni nono mai sanyi, ta yi wa mamacin addu'a mai tsawo. Da na tambayi inda 'ya'yansa suke, ta leƙa bayana ta hango motar.

"Wancan ɗanki ne?"

Na ce eh.

"Shi ne mai karatun?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Allah Ya raya shi. Wallahi, 'yar'uwa, daji da faɗi. Wa ya san inda suka yi?"

Na koma mota. Ya tambaye ni me ta ce, na ce mu juya kafin la'asar ta kufce mana. Goron muka raba wa masu gadin iyaka a hanyar dawowa, don kada ya bushe.